Sawun Kakanninmu A Rairayin Badagry





Duk shekara idan an sauko daga idi aka kwana ɗaya ko biyu, sai ka ga motoci cike da iyalai sun nufi bakin teku. Waɗanda suka daɗe a garin nan suna tuna Bar Beach ta Victoria Island, inda ake cika maƙil ranar yawon Sallah, kafin a cike wurin da yashi a soma ginin Eko Atlantic. Yanzu wasu Lekki suke nufa. Wasu kuma sukan ɗauki hanyar Mile 2, su wuce Alaba Rago da Okokomaiko da Agbara har su dangana da Badagry, tafiyar kimanin kilomita 60 daga cikin gari, dab da kan iyakar Seme. Mu ma bana can muka kai yaranmu. Sun hau doki, sun sha ruwan kwakwa, sun ci gasasshen kifi, an zaga gidajen tarihi, an yi hotuna.

A hanyar dawowa wani yaronmu ɗan sakandare, haifaffen Agege, ya jefo tambaya. Ya ce, "Baba Sakatare, mai zagayawa da mu ya yi ta ambaton Turawa da Yarbawa da Egun, ban ji ya ambaci Bahaushe ko sau ɗaya ba. Ke nan mu 'yan kallo ne kawai a nan?" Mota ta yi tsit. Da yawa cikinmu mun fi shekara ashirin a Legas, amma babu wanda ya ba shi gamsasshiyar amsa. Abin ya tsaya mana a rai. Yaron da ake yawan ce wa baƙo a garin da aka binne cibiyarsa, idan manyansa ma ba su san tun yaushe ƙafar Bahaushe ta taka wannan gaɓa ba, da me zai kare kansa? Shi ya sa muka koma muka bincika, ga kuma abin da muka samo.

A taƙaice, muna da ruwa da tsaki a tarihin Badagry. Sai dai labarin yana da ɗaci, kuma wani ɗacin daga hannunmu ya fito.

YADDA GARIN YA TASHI

Asalin mazauna Badagry su ne mutanen Ogu, waɗanda a Legas aka fi kira Egun. Harshensu ɗan uwan harsunan kudancin Jamhuriyar Benin ne, shi ya sa za ka ji sunayen unguwanninsu sun bambanta da na Yarbawa. Garin yana da tsofaffin unguwanni takwas, kowace da basarakenta, babban sarkinsu kuma ana kiransa Akran.

Garin bai zauna a bakin teku kai tsaye ba. Yana gefen wani dogon ruwa ne mai kwanciya, wanda ya bi gaɓar teku tun daga Legas har Porto-Novo. Tsakanin wannan ruwa da tekun akwai wata siririyar ƙasa ta rairayi da bishiyoyin kwakwa, ita ce Gberefu. Wannan tsari shi ya yi wa garin rana, shi ne kuma ya jawo masa masifa. Kwale-kwale na iya ɗauko kaya ko mutane daga nesa ta ruwa mai lafiya, a sauke su a Badagry, a tsallaka da su Gberefu, a taka zuwa inda manyan jirage ke jira a teku.

Mutanen garin suna kai tarihinsu can baya, har a kasuwar bayi ta Vlekete za a gaya maka an kafa ta a 1502. A rubuce-rubucen fataken Turawa kuwa, garin ya fara tashe ne a shekarun 1730. Dalili shi ne Sarkin Dahomey Agaja ya ci Allada a 1724, ya ci Ouidah a 1727, mutane suka watse suka yiwo gabas. Wani ɗan kasuwa Baturen Holan mai suna Hendrik Hertogh, wanda mutanen wurin ke kira Huntokonu, ya zo ya kafa sansaninsa a nan wajen 1736. Daga nan daular Oyo ta mayar da Badagry ɗaya daga cikin ƙofofinta zuwa teku. Dahomey ba ta ji daɗin wannan kishiya ba, ta kawo yaƙi ta rusa garin a 1784. Ya sake farfaɗowa, amma kafin nan Ikko, wato Legas, ta karɓe gaba a cinikin.

TA INA BAHAUSHE YA SHIGO?

Ta hanyar Oyo. Ƙarfin Oyo yana kan sojan doki ne, doki kuwa ba ya daɗewa a kurmi saboda ƙudan tsando, dole kullum a sayo sabo daga arewa. Fatake sukan ratso Nufe su ƙetare Kwara da dawaki da kanwa da fatu da tufafi. A cikin ayarin akwai bayi. Wasu an bar su a Oyo suna kiwon dawaki da shanu, suna wanzanci, suna tufkar igiya. Wasu kuma aka miƙa da su kudu har bakin ruwa.

Adadin ya ƙaru sosai a farkon ƙarni na 19. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan fara jihadi a 1804 sun bar kamammu a kowane ɓangare, na masu jihadi da na sarakunan Haɓe. A 1817 Afonja ya yi wa Alafin tawaye a Ilori, bayi Musulmi da yawa, galibinsu 'yan arewa, suka gudu suka shiga rundunarsa. Oyo ta fara rugujewa, ƙasar Yarbawa ta kama da wuta, kamammu suka yi ta kwarara zuwa gaɓa. Birtaniya ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin tun 1807, amma fataken Fotugal da na Birazil suka ci gaba har zuwa 1850, suna biya da naɗin taba da barasa da bindiga da wuri. Yawancin 'yan arewa ta Legas da Ouidah da Porto-Novo aka fitar da su, wasu ta Badagry. Duk gaɓa ɗaya ce, ruwa ɗaya ke haɗa su.

A nan ya kamata mu tsaya mu faɗa wa kanmu gaskiya. Baturen da ke cikin jirgi bai je Gobir ko Zazzau ya kamo kowa ba. Hannu da hannu aka riƙa miƙo mutum, daga wanda ya kama shi a fagen yaƙi ko a hanyar gona, zuwa dillali a kasuwa, zuwa falke, zuwa basaraken bakin teku. A cikin waɗannan hannaye akwai na masu jin Hausa. Malaman Sakkwato sun yi rubutu suna hana bautar da Musulmi ɗa, suna kuma hana sayar da shi ga wanda ba Musulmi ba, amma hanin bai tsayar da ayari ba. Idan muka koya wa yaranmu cewa kakanninmu an zalunce su, mu haɗa da cewa wasu daga cikinsu sun yi zaluncin. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

WAƊANDA SUKA TAFI

Akasarin jiragen da suka tashi daga wannan gaɓa a wancan zamani birnin Salvador suka nufa, a jihar Bahia ta Birazil, inda ake noman rake da taba. A can Turawan Fotugal suna rubuta sunan mutanenmu da Haussá ko Ussá. Wani ƙaramin jakadan Faransa a Bahia, Francis de Castelnau, ya zauna da wasu bayi Hausawa ya yi musu tambayoyi, ya buga littafi a 1851. A ciki suna ambaton Kano da Katsina da Zariya, suna lissafa zangunan da aka bi da su har bakin teku. Mutum yana ƙetaren teku shekara da shekaru, amma sunayen garuruwansu na nan a bakinsa.

Ba su kuma zauna sun naɗe hannu ba. A watan Mayu na 1807 gwamnan Bahia ya bankaɗo wani shiri da Hausawa suka ƙulla na tayar da bore, wanda aka ce har da niyyar ƙwace jirage su koma gida. A 1809 an yi wani boren a yankin Nazaré. A watan Fabrairu na 1814 bayin da ke aikin su a Itapuã, kusa da Salvador, suka tashi suka ƙone wuraren aikin. Takardun shari'ar sun kira jagoransu da laƙabin malomi. Duk mai jin Hausa ya san kalmar da Bature ya so rubutawa.

Mafi girma shi ne na daren 24 wayewar 25 ga Janairu, 1835, a goman ƙarshe na azumi. Ana kiransa boren Malê, daga kalmar Yarbanci imale, wato Musulmi. A wannan karo Yarbawa Musulmi ne suka fi yawa, Hausawa na ciki. Kimanin mutum 600 suka fito kan titunan Salvador sanye da fararen riguna, suka gwabza da sojoji na wasu sa'o'i, aka kashe musu wajen mutum 70. A jikin gawarwaki da cikin ɗakunansu an sami layu da alluna da takardu masu ayoyi da addu'o'i da rubutun Larabci, wasu har yau suna ajiye a ma'adanar takardun jihar Bahia. Cikin malaman da aka gurfanar akwai wani Bahaushe mai sayar da taba, Elesbão do Carmo, wanda ake kira Dandará, yana karantar da mutane a shagonsa. An harbe mutum huɗu a watan Mayu na shekarar, an yi wa wasu bulala, an koro wasu da dama zuwa Afirka.

Waɗanda aka koro, da waɗanda suka fanshi kansu daga baya, su ne suka sauka a Legas da Badagry da Porto-Novo da Ouidah. A Legas ana kiransu Aguda, unguwarsu kuma Popo Aguda, wajen Campos. Sun dawo da sana'ar gini da kafinta. Masallacin Shitta-Bey na titin Martins, wanda aka buɗe a 1894, wani maginin Aguda ne ya gina shi, João Baptista da Costa. Birazil ba ta soke bauta baki ɗaya ba sai a 1888.

ABUBAKAR BAGOBIRI DA HANYAR SAKKWATO

Akwai kuma wanda ya bi hanyar a juye, daga teku zuwa gida. Sunansa Abubakar, mutumin Gobir. An kama shi, an yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har aka ɗora shi a jirgin 'yan Fotugal. Jirgin yaƙin Birtaniya ya tare su a teku ya 'yanta su, ya zama ma'aikacin jirgi, Turawa suka sa masa William Pascoe, suna kiransa Pasko.

A 1824 wani hafsan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya ratso hamada ya je Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sun yi maganar buɗe ciniki ta teku da tsayar da kai bayi gaɓa, Bello ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila. Da Clapperton zai dawo karo na biyu sai ya zaɓi shigowa ta kudu. Daga Badagry ya tashi ranar 7 ga Disamba, 1825, tare da baransa Richard Lander, tafintansu kuma shi ne Abubakar. Suka bi ta babban birnin Oyo, suka ƙetare Kwara a yankin Busa, suka isa Kano a watan Yuli na 1826, daga nan Sakkwato. Sun tarar ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Barno, ga shi Clapperton yana ɗauke da kyautar Shehun Barno, saboda haka tarbar ta yi sanyi. Ciwo ya kwantar da shi, ya mutu ranar 13 ga Afrilu, 1827, aka binne shi a wajen garin Sakkwato.

Lander da Abubakar suka juyo har Badagry a watan Nuwamba na 1827. Fataken bayi 'yan Fotugal suka kai sarar Lander wurin sarakunan gari cewa ɗan leƙen asiri ne. Aka ba shi ƙwarya ya sha, irin abin da Hausawa ke kira shan gwaska: in ka mutu kai mai laifi ne, in ka rayu an wanke ka. Ya shanye, ya ruga masauki ya amayar, ya tsira.

A watan Maris na 1830 Lander ya dawo Badagry da ƙanensa John, Abubakar na tare da su, a tafiyar da suka bi Kwara har inda ta faɗa teku. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da suka rubuta game da kwanakin da suka yi a garin. Sun ambaci malamai Hausawa da suka riƙa zuwa gaishe su. Zuwansu ya dace da ƙarshen azumi, suka kuma ga Musulmin garin sun ci ado sun fita sallar idi. Wato kusan shekara ɗari biyu da suka wuce, kafin a kafa coci ko makarantar boko a Badagry, akwai malamin Hausa a garin, ana kuma sallar idi a kan wannan rairayi da yaranmu suka yi yawon Sallah.

DAGA BAWA ZUWA SOJA

Ƙarshen cinikin ya zo da ƙarfin igwa. A Disamba na 1851 jiragen Birtaniya suka yi wa Legas ruwan wuta, suka tuɓe Kosoko, suka mayar da Akitoye wanda ya yi zaman gudun hijira a Badagry. A 1852 sarakunan Badagry suka sa hannu a yarjejeniyar daina sayar da bayi. Birtaniya ta haɗiye Legas a 1861, Badagry kuma a 1863.

A wannan shekara ta 1863 ne John Glover ya tara wasu Hausawa, galibinsu bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu, ya ba su bindiga da kaki. Ana kiransu Hausawan Glover. Daga wannan 'yar runduna sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsa. Wannan ma yana da fuska biyu, domin irin wannan runduna ce Turawa suka yi amfani da ita wajen cin ƙasashe, har da tamu. Bayan haka sai zamanin goro da shanu da jirgin ƙasa, wanda layinsa ya isa Kano a 1911, aka sami zangunan da suka zama Agege da sauran unguwanninmu na yau.

ABIN DA ZA KU GANI IN KUN JE

Yawancin wuraren suna kusa da juna a titin Marina, ana iya zagawa da ƙafa. Gidan tarihi na gwamnati yana cikin tsohon ofishin Di'o da aka gina a 1863. Gidan tarihin iyalin Mobee ƙarami ne, amma a nan ake nuna sarƙoƙin wuya da mari na ƙafa. Mun bar yara sun ɗaga ɗaya sun ji nauyinta. Bayan nan surutunsu ya ragu.

Sai gidan Seriki Williams Abass, wanda ya rasu a 1919. Labarin da zuriyarsa ke bayarwa shi ne, shi kansa an kama shi yana yaro, an kai shi Birazil, ya dawo ya zama dillalin bayi, daga baya kuma shugaban Musulmin yankin. Kalmar Seriki ita ce sarki tamu ta Hausa a bakin Yarbawa. A gidan akwai ƙananan ɗakuna 40 da aka ce a ciki ake tsare mutane kafin jirgi ya zo, kowanne da 'yar taga can sama. Ana nuna wata tsohuwar laima da masu gidan ke cewa mutum arba'in aka bayar a kanta. Musulmi ne, ya taɓa ɗanɗana bauta, kuma bai hana shi sayar da wasu ba. Ku bar yara su yi tambaya a nan, kada ku yi saurin wucewa da su.

Akwai benen da aka kammala a 1845, wanda 'yan mishan na Anglican suka gina, ana yi masa kirari da bene na farko a Nijeriya. Mu da muka san hasumiyar Gobarau ta Katsina da sorayen gidan Sarkin Kano mun ɗan yi murmushi. A ce na farko a irin ginin Turawa, sai mu yarda. Samuel Ajayi Crowther, wanda shi ma daga jirgin bayi aka ceto shi a 1822, ya zauna a Badagry a lokacin. Kusa da nan akwai alamar inda bishiyar Agia take kafin ta faɗi a 1959, wadda a ƙarƙashinta Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kirista a watan Satumba na 1842. Maƙwabtanmu Kirista suna girmama wurin, mu ma mu shiga da ladabi.

Daga Marina ake shiga kwale-kwale a tsallaka Gberefu cikin 'yan mintoci, sai a taka a rairayi kamar minti ashirin zuwa bakin teku. A hanya akwai wata rijiya da mutanen wurin ke cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta gida. Ƙarshen hanyar shi ne wurin da ake kira Point of No Return, wato in an kai nan ba dawowa. Ko rijiyar ta yi aiki ko ba ta yi ba, mun dai ga waɗanda suka kai Bahia ba su manta Kano da Katsina ba, ba su manta Fatiha ba.

Al'adun Ogu suna nan da ransu. Akwai Sato, dogayen ganguna da suka fi mutum tsawo, masu kiɗan sai sun yi tsalle suke dukansu. Akwai Zangbeto, dodon da ke lulluɓe da ciyawa, wanda a gargajiyarsu shi ne mai gadin gari da dare. In kun ci karo da shi ku ba shi hanya, kada yara su yi masa ihu ko su ɗauke shi hoto ba izini. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, ba dole ka ɗaura ba, amma kada ka taka ta wani.

TARIHI A CIKIN KWANO

Abincin bakin tekun ma yana ba da wannan labari. Badagry garin kwakwa ne. A tsibirin Topo da ke kusa, 'yan mishan na Katolika sun kafa babbar gonar kwakwa tun 1876. A kasuwar Agbalata da gefen titi za ku sami ɗanyar kwakwa a fasa muku nan take, da man kwakwa, da alewarta, da wani abin taunawa na rogo da kwakwa da suke kira ajogun, wanda ya dace da tsaraba. Kifi kuwa sai wanda ka zaɓa, ɗanye ko banda, ga jatan lande da ƙaguwa. A rumfunan Suntan Beach da wuraren hutawa irin Whispering Palms na Iworo ana gasa kifi da yaji a haɗa da soyayyar doya ko ayaba. Wanda ke tantamar yankan nama ya tsaya a kan kifi, ko ya nemi mai tsire, da wuya ya rasa ɗan gida a wurin. Masu hayar dawaki a bakin ruwan ma sau da yawa in ka yi musu sallama da Hausa za su amsa. Doki ne ya fara kawo mu kudu, ga shi har yau muna riƙe da linzami.

Rogon da ake yin garin kwaki da shi daga Kudancin Amurka 'yan Fotugal suka kawo shi, kuma waɗanda suka dawo daga Birazil sun taimaka wajen yaɗa yadda ake sarrafa shi. A Legas zuriyar Aguda suna dafa frejon, wake da madarar kwakwa, a ranar Juma'ar Ista. A can Bahia kuwa har gobe mata masu fararen kaya suna soya wani abu na wake a cikin manja a bakin titi, suna kiransa acarajé. Akara ce ta Yarbawa, ƙosai ne namu. Ya tsallaka teku a ƙwaƙwalwar matan da aka fitar ba su riƙe da komai.

KAFIN KU KAMA HANYA

Ku fita da sassafe, domin cunkoson hanyar Badagry ba ya da alƙawari. Ku fara da gidajen tarihi tun rana ba ta yi zafi ba, ku ƙare da bakin ruwa. Kada kowa ya shiga kwale-kwale ba rigar ruwa, kada kuma a yarda a yi lodin da ya wuce ƙima. Teku ba kogin garinmu ba ne. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana ja da ƙarfi ta ƙasa, gwanin iyo a gulbi ma tana iya tafiya da shi. Yara su tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, babba na riƙe da su. Ku yi ciniki da mai zagayawa da ku tun kafin a fara, ku kwashe sharar ku in za ku tashi.

Ga ɗanmu da ya yi tambaya, da sauran 'yan uwansa haifaffun Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba: ba 'yan kallo ba ne ku. Kakanninku sun taka wannan rairayi, wasu da mari a ƙafa, wasu da allo a hannu, wasu kuma, Allah Ya yafe musu, da kuɗin cinikin a aljihu. Garin na Ogu ne, kuma muna girmama masu shi. Amma in an sake zagayawa da ku ba a ambaci Bahaushe ba, ku ɗaga hannu cikin ladabi ku ba da labarin Abubakar Bagobiri, da malaman da suka yi idi a nan a 1830.

Muna roƙon iyaye da za su kai iyali bakin ruwa a Sallah mai zuwa su ware ko da awa biyu don gidajen tarihin nan. Dattawanmu kuma da suka ji wani abu daga bakin iyayensu game da zuwan Hausawa Ikko, su taimaka su sanar da mu a rubuta tun suna raye.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya raya mana zuriya. Amin.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya, a madadin shugabanni.